Sassaƙa da Kafinta a Birnin Sakkwato

Masu rubuta tarihin sana'o'in Hausa sun daɗe suna ba saƙa da rini da dukanci fili mai faɗi, amma in an zo kan sassaƙa sai su taƙaita. A ganinmu dalilin bai wuce ma'aunin da aka ara daga waje ba. Tun da sojan Ingila suka kwashe kayan fadar Binin a 1897, Turawa suka ɗauka gwanintar sassaƙa a Afirka tana ga siffar mutum ko dabba. Ƙasar da Musulunci ya kafu a cikinta kuwa ba ta sassaƙa gunki, saboda haka aka wuce masassaƙinta kamar ba ya nan.

Alhali birnin da Muhammadu Bello ya gina a 1809 bai taɓa kwana ba tare da aikinsa ba. Turmi da taɓarya, akushi da koshiya, kujerar mata, ƙotar gatari da ta fartanya, allon almajiri, duk daga hannunsa suke. Asalin ƙa'idar aikin ita ce ragewa, watau a ɗauki gungume guda a yi ta cire abin da ba a bukata, ba ƙusa ba haɗi. Gatari ke sara, gizago ya fitar da siffa, wuƙa ta kankare ta gyara baki. Sanin itace (ko icce, yadda Sakkwatawa ke faɗi) shi ne rabin sana'ar: ƙirya don turmi saboda taurinta, aduwa don allo saboda fuskarta na yin santsi ta karɓi tawada.

A ƙarƙashin wannan akwai wani mataki da ya fi ɓuya, shi ne aikin wuƙa na cikin gida, wanda ba a kiransa sana'a. Magidanci kan yanko reshe ya fere muciya, ko ya nemo mai yatsu ya gyara maburgi. Makiyayi ya kankare sandarsa. Almajiri ya fiƙe alƙalaminsa na kara. A nan yaro ke fara gane inda itace ke bi da inda yake tsagewa. Da yake ba a kai waɗannan kasuwa, ba su shiga lissafin kowa ba.

Canji ya biyo bayan cin Sakkwato da Turawa suka yi a watan Maris na 1903. Baƙi daga kudu sun zo da wata ƙa'ida dabam, ta kafinta, mai aiki da zarto da ƙusa da katakon da aka riga aka tsaga. Jirgin ƙasa bai iso Sakkwato ba, ya tsaya Ƙauran Namoda ne a 1929, don haka katakon kurmi a mota yake ƙarasowa. Duk da tsadar hanya ya samu shiga, gama ofis da makarantar boko tebur da benci suke so, abin da gizago ba ya yi.

Sai dai kuskure ne a ce kafinta ya kashe sassaƙa. Bai taɓa gasa da masassaƙi a kan turmi ko ƙota ba, don ba a haɗa su da ƙusa. Akushi kwanon tasa da langa ne suka ture shi, daga baya roba ta ƙarasa, ko da yake tsofaffi na nan kan bakansu cewa tuwo bai jin daɗin zama a ko'ina kamar cikinsa. Babbar illa daga daji ta zo. Fari na 1972 zuwa 1974, da faɗaɗa gonaki, da masu gawayi da su ma ƙirya suke nema, sun sa gungumen da zai isa turmi ya yi nisa da gari, har masassaƙi ya koma bin itace zuwa inda ya rage, birni kuwa ya zama wurin sayarwa.