Sauya maganin taɓin hankali ga masu cutar baifola

Baifola cuta ce da ke kai mutum daga matsanancin zumuɗi zuwa damuwa mai nauyi. Likita kan sauya wa majinyaci magani idan bai karɓe shi ba, ko illarsa ta yi yawa: olanzafin na sa ƙiba da hawan sukari, kwetiyafin na sa barci, risferidon kan hana mace al'ada, arifirazol kuma kan hana mutum zama wuri ɗaya.

Galibi ana rage tsohon sannu a hankali cikin makonni, ana ƙara sabon, ana auna nauyi da sukarin jini. Yanke magani dare ɗaya na kawo rashin barci da dawowar ciwon. Kada majinyaci ya sauya magani da kansa, sai da sanin likitansa.