Yaƙi da Rashi a Marsiyyoyin Nana Asma'u da Abdullahi ɗan Fodiyo

Nana Asma'u tana da kimanin shekara 11 lokacin da jama'ar mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. A wannan shekarar aka ci nasara a Tafkin Kwatto, aka kuma sha kashi a Tsuntsuwa, inda Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya ruwaito cewa mahaddata Alƙur'ani kusan 200 ne suka kwanta dama. Cikin wannan ƙura Asma'u ta tashi. Abin da wannan maƙala ke bi shi ne yadda ita da baffanta Abdullahi suka ga yaƙi guda, amma kukansu a waƙa ya sha bamban.

Abdullahi ya tsaya a fagen daga da kansa. A Tazyinul Waraƙat, inda ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a 1813, akwai murnar nasara, akwai jimamin abokan karatu da suka faɗi, sannan akwai ɓacin rai kan waɗanda suka rage, da ya ga sun karkata ga mulki da tara dukiya. Ɓacin ran nan ne ya sa ya bar rundunar ya nufi gabas, sai tafiyar ta tsaya masa a Kano. Tsarin waƙoƙinsa na tsohuwar ƙasidar Larabawa ne, mai buɗewa da kufai da tuna waɗanda suka tashi.

Asma'u kuwa ta fi tsayawa a cikin gida, inda labarin mutuwa ke iske ta. Ba wai ta kauce wa yaƙi ba ne, domin ta yi waƙar Fulatanci kan gwabzawar Gawakuke ta 1836. Amma da Bello ya rasu a Wurno a 1837, abin da ta fi nanatawa a waƙar da ta yi kan halinsa shi ne ilmi, kyauta, tsoron Allah da kula da talaka. Ga sarkin da ya kwashe shekara 20 yana kan doki, wannan zaɓi ba ƙarami ba ne.

A nan ne batun kyau ke shigowa. Marsiyyarta ba ta damu da siffanta fuska ko ado ba. Kyawun da take yabo na hali ne. Kuma ba manya kaɗai ta yi wa kuka ba. Ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'ishatu matar Bello, inda zafin rabuwa ya fito fili ƙwarai. Ta kuma yi wa Zaharatu, matar da aka sani da zama kan mai naƙuda da wankan gawa. Mai karɓar haihuwa ta samu baitoci kamar yadda Sarkin Musulmi Bello ya samu, abin da ba kasafai ake gani ba a rubutun wancan zamani.

Harshe ma ya raba Asma'u da Abdullahi. Larabcin Abdullahi na malamai ne. Asma'u ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma mata malamai da ake kira jaji, jagororin ƙungiyar mata ta 'yan taru, da malfa a ka, suna haddace waƙoƙinta na koyarwa su kai ƙauyuka. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta. Jean Boyd da Beverly Mack sun buga tarin ayyukanta a 1997, kuma a kansa yawancin nazarin yau ya dogara.