Idon Kyamara da Tarihinmu na Bakin Iyaka

Yau ba maganar siyasa zan yi ba, maganar hoto ce, ku ɗan yi haƙuri da tsawonta.

A watan Agustan 2024 kamfanin Sony ya sabunta wani idon kyamara nasa, abin da masu sana'ar ke kira lensi, mai lamba 85mm f/1.4. Na farkon ya fito a 2016 da nauyin giram 820, sabon ya sauko zuwa 642, kuɗinsa kuwa a lokacin wajen dala 1,800. Irin idon nan ne da ba ya zuƙo abu ya matso da shi, hangensa ɗaya ne tsayayye, amma ƙofar haskensa faɗi gare ta. An ƙera shi ne don kyamarorin zamani marasa madubi a ciki. Wani zai ce to ina ruwan mutumin Bagudo ko Tsamiya da wannan, alhali kuɗin ya isa jarin shago? Ruwanmu na nan, ku biyo ni.

Lambar da ke bin harafin f ita ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga. Duk ƙanƙantar lambar, duk faɗin ƙofar. Ido mai f/1.4 yana shigar da haske ninki takwas na mai f/4. Ke nan zai ɗauki fuskar tsoho a cikin zaure bayan la'asar sakaliya, ba tare da an dalle masa ido da fitila ba.

Tun farkon sana'ar, wannan yaƙin neman hasken ake yi. Lokacin da aka bayyana fasahar Daguerre a Faris a 1839, sai mutum ya share mintuna a rana bai motsa ba kafin hotonsa ya kama. A 1840 wani malamin lissafi a Vienna, Joseph Petzval, ya lissafo ido mai f/3.6, kamfanin Voigtländer ya ƙera shi, zaman ya dawo ƙasa da minti guda. Daga nan ɗaukar hoton fuska ya zama sana'ar da ake ci da ita. A 1924 aka fito da kyamarar Ermanox mai f/2 a Jamus, wadda Erich Salomon ya riƙa ɗaukar manyan 'yan siyasar Turai da ita a ɗakunan taro ba su ankara ba. Leica ta biyo baya a 1925 da ƙaramin fim mai milimita 35. Marasa madubin kuwa Panasonic ya buɗe ƙofarsu a 2008, Sony ya fito da a7 a 2013, Canon da Nikon suka shigo da manyan nasu a 2018. Da aka cire madubin, idon ya sami damar matsowa dab da farantin da ke karɓar haske, shi ya sa kamfanoni ke ta sake zana tsofaffin idanunsu.

To mu dawo gida. Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853 yana kan hanyarsa ta Say da Tambutu, alƙalami da zane ya dogara da su. Shekara arba'in da ɗaya bayan haka, a 1894, Lugard da Bafaranshe Decoeur suka yi rige-rigen isa Nikki don ƙulla yarjejeniya da sarkin Bargu. Rikicin bai lafa ba sai da Ingila da Faransa suka sa hannu a yarjejeniyar 14 ga Yunin 1898 a Faris. A kan tebur aka tsaga ƙasar Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa da Illo suka zauna ɓangaren Ingila, daga baya aka haɗa Illo da masarautar Gwandu. Layin da ke tsakanin Lolo da Madekali yau, da wanda ke tsakanin Tsamiya da Segbana, asalinsa ke nan. Kafin layin, hanyar fatake ce, ta nan ayarin jakuna ke bi da kanwa da tufafi zuwa Gwanja, su dawo da goro.

Abin lura shi ne, a wancan zamanin kyamara tana hannun wanda ya zo da bindiga da taswira. Shi ke zaɓen wanda zai ɗauka, shi ke rubuta abin da ya ga dama a ƙarƙashin hoton. Galibi sai ka ga an rubuta ƙabilar mutum kawai, babu sunansa, babu na ubansa. Kakan wani ne fa, amma a kundin Turawa ya zama samfuri.

Sai dai 'yan ƙasa ba su zauna sun zuba ido ba. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki Oba Ovonramwen na Benin a cikin jirgin ruwa a 1897 bayan Turawa sun tuɓe shi. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗaukar mutane a tsakar gida da hasken rana. Malick Sidibé ya bi matasan birnin har wuraren rawarsu, a 2007 kuma aka ba shi babbar lambar girmamawa ta bikin baje kolin Venice. A Yamai akwai Philippe Koudjina, a Porto-Novo akwai Joseph Moïse Agbodjelou. A Najeriya J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara wajen hoto dubu. Me ya sa duniya ta san waɗannan? Ba tsadar kyamara ba ce. Sun adana fina-finan da suka wanke, a kwali a kwali, har ranar da aka zo nema.

Mu ma nan mun yi masu hoto. Wanda ya tashi a shekarun 1980 da 1990 irina zai tuna mai hoto da ke yawo ranar kasuwa da ranar sallah, kyamara rataye a wuya, da labulen da aka zana bene ko jirgin sama a jiki. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, sai ya cika a kai birni wanki, ka yi sati biyu kana jira. Kuma sai a fito da kai rana tsaka, domin idon kyamararsa ba ya gani a inuwa, fim ɗin ma asali da farar fata aka auna launinsa. Shi ya sa a tsofaffin hotunanmu kowa ya runtse ido, farar riga ta yi fes, fuska ta yi duhu. Rayuwarmu ta gaskiya kuwa a inuwa take: karatun zaure, hirar dare, ɗakin amarya, masunta da asubahi a bakin Kwara. Kusan duk wannan bai shiga hoto ba.

Ga dattawanmu da yawa, hoto ɗaya tak suka bari, na fasfon aikin Hajji ko na takardar ƙetare iyaka. Har yau ma hukuma ce babbar mai ɗaukar hotonmu: katin zaɓe, BVN tun 2014, lambar NIN. A wurin aiki ina ganin fayil-fayil cike da irin waɗannan, fuska a ɗaure, babu murmushi. Hoton shaida ne, ba ya faɗin ko wane ne mutum a cikin danginsa.

Ku duba kuma yadda ake nuna yankinmu a waje. Tun da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, in an ambaci bakin iyakar Kebbi a labarai, hoton buhunan shinkafa da jarkokin fetur da aka kama za ka gani, yanzu kuma an ƙara da na matsalar tsaro. Ba ƙarya ba ne, suna faruwa. Amma ina hoton ɗaurin auren da dangin ango suka zo daga Segbana? Ina na Bafulatani da Bazabarme da Bakyange da Bahaushe a rumfa ɗaya suna ciniki, naira da sefa na yawo a tsakaninsu? In ba mu ɗauka ba, jikokinmu za su zaci fasa-ƙwauri kaɗai muka iya.

Kada mu ɗauka abin da muke gani kullum zai dawwama. Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya hallaka a 1806, tana ƙarƙashin ruwa tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968. Wanda ke son ganin garin yau sai dai a hoto, in an dace da shi. Mu da ke zaune a bakin kogi mun san aikin ambaliya, mun gan ta a 2020. Abin da ruwa ya bari a adaka, gara na jiransa. Na waya ma bai tsira ba: WhatsApp na matse hoto ya rage masa kyau, waya ta faɗa ruwa ko a sace ta, shekara biyar na tarihin gida sun tafi.

Don haka ga roƙona. Wanda ke da tsofaffin hotuna a gida ya fito da su, ya zauna da tsohuwa tun tana da rai ta faɗa masa su wane ne, ya rubuta suna da gari da shekara a bayan hoton da fensir. A ɗauki kwafinsu da waya a inuwa mai haske, a ajiye wuri biyu. Wanda ya san tsohon mai hoto ko magadansa a Bagudo, Illo, Ka'oje, Zagga ko Lolo, ya tambaya ko fina-finan na nan kafin a share ɗaki a ƙone su. Muna da wuraren da aikinsu ke nan: gidan tarihi na Kanta a Argungu, hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna.

Matasanmu masu ɗaukar biki kuwa, ba sai kun mallaki na dala 1,800 ba. Ido mai 50mm f/1.8 na cikin mafi araha a kasuwa, kuma yana gani a zaure. Bayan amarya da ango, ku juya ku ɗauki maƙeri da masunci da mai awon hatsi, da izininsu, ku rubuta sunansu.

Wanda ke da tsohon hoton garinsu ya saka mana a ƙasa mu gani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da iyakarmu lafiya.