Strom Thurmond: Tuba Ce ko Lissafin Ƙuri'a?

Kaɗan ne suka daɗe a Majalisar Dattawan Amurka kamar Strom Thurmond na jihar Karolina ta Kudu. Ya shiga majalisar a 1954, ya bar ta a Janairun 2003 yana da shekara 100 a duniya, ya mutu a watan Yunin 2003. Masu kare shi sukan ce ya faro da aƙidar wariyar launin fata amma ya ƙare yana mutumin kowa. Wannan maƙala tana ganin cewa sauyin da aka gani a tattare da shi, ƙuri'ar baƙar fata ce ta tilasta shi, kuma su ne suka cancanci yabon.

Farkon tafiyar tasa a fili take. A 1948, lokacin da jam'iyyar Democrat ta Shugaba Truman ta rungumi batun 'yancin baƙar fata, wasu 'yan Kudu suka ɓalle, suka tsayar da Thurmond, wanda yake gwamna a lokacin, takarar shugaban ƙasa. Ya ci jihohi huɗu: Karolina ta Kudu, Alabama, Mississippi da Louisiana. Da Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launi a shari'ar Brown ta 1954, yana cikin waɗanda suka tsara sanarwar 'yan majalisar Kudu ta 1956 da ta yi kira a bijire wa hukuncin. A 1957 ya tsaya a zauren majalisa yana magana har awa 24 da minti 18 don ya hana dokar 'yancin jama'a wucewa. Ya ƙi dokar 1964 da ta soke wariya a wuraren jama'a, ya kuma ƙi dokar 'yancin zaɓe ta 1965.

Abin lura shi ne harshen da ya yi wannan yaƙi da shi. Ya fi son a ce yana kare ikon jihohi ne daga katsalandan na gwamnatin tarayya. Amma ikon da jihohin Kudu suke riƙe da shi a lokacin, ikon hana baƙar fata rajistar zaɓe ne, da ware musu makarantu marasa kayan aiki. Wannan lafazi ya ba wariya rigar mutunci, ya kuma rayu bayan dokokinta sun faɗi. Da shi Thurmond ya koma jam'iyyar Republican a 1964 don mara wa ɗan takararta na shugaban ƙasa, Barry Goldwater, baya, da shi kuma ya taimaki Richard Nixon a Kudu a zaɓen 1968. Ƙaurar fararen Kudu daga Democrat zuwa Republican tana da dalilai da yawa, amma yana cikin waɗanda suka share mata hanya.

Masu cewa ya sauya suna da hujjoji. A 1971 ya ɗauki baƙar fata, Thomas Moss, aiki a ofishinsa. A 1982 ya goyi bayan tsawaita dokar 'yancin zaɓe, a 1983 kuma ya amince a keɓe ranar hutu don tunawa da Martin Luther King. Sai dai a duba abin da ya gabaci waɗannan. Dokar 1965 da ya yaƙa ta buɗe wa dubban baƙar fata ƙofar zaɓe, a jihar da suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'arta. A 1970 ɗan takarar gwamna da ya tsaya wa, Albert Watson, ya yi kamfe da kalaman wariya, ya sha kaye a hannun John West. Shekara guda bayan haka aka ɗauki Moss. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. George Wallace na Alabama, wanda shi ma ya kare wariya, ya fito fili ya nemi gafarar baƙar fata. Thurmond bai taɓa yin haka ba.

Akwai kuma abin da ya ɓoye. Wata shida bayan mutuwarsa, Essie Mae Washington-Williams ta bayyana cewa ita 'yarsa ce, wadda ya haifa a 1925 da Carrie Butler, baƙar yarinya mai aiki a gidan iyayensa. Iyalinsa sun amince. Ya tallafa mata da kuɗi, amma bai taɓa kiran ta 'yarsa a bainar jama'a ba. Dokokin da ya kare sun shafi jininsa, ya sani, bai kuma fasa ba.

Saboda haka, tsawon shekaru a kujera ba ya wanke ɗan siyasa, kuma sassaucin da ya zo bayan an rasa mafita bai kai matsayin tuba ba. Wanda zai rubuta tarihin Thurmond ya wajaba ya ambaci ƙuri'unsa na 1982 da 1983, amma ya jingina su ga mutanen da suka sha duka da ɗauri har suka samu katin zaɓe. Su ne suka sauya Kudancin Amurka. Shi kuwa ya bi sahu ne bayan da hana su ya gagare shi.