Idan Allah ne Mai Ceto, Me Ya Kai Ƴan Mishan Galmi?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Adar, daga Keita zuwa Buza, daga Babankatami zuwa Madawa, ya san Galmi da abu biyu: albasa da asibiti. Albasar ta kai har kasuwannin Abijan da Akara. Asibitin kuwa, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950 ta hannun Likita Burt Long, a bakin babbar hanyar da ta haɗa Birnin Ƙonni da Madawa, can ake nufa da mai doguwar naƙuda, ko wanda karayarsa ta gagari maɗori. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan ana ba da magani a wurin, ana kuma wa'azin bishara. Duk da haka ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba, kuma a ƙauyukan Buza da Keita mutum zai yini yana tafiya bai ga majami'a ba. Mai auna aiki da yawan kawuna zai ce an yi wahalar banza. Ni kuwa ina ganin ma'aunin ne bai dace ba, kuma abin da ya riƙe wannan aiki a tsaye shi ne wata koyarwa da ake yawan zargi da kashe himma, wato koyarwar ikon mallakar Allah cikin ceto.

Abin da koyarwar ke faɗi a taƙaice shi ne, ceton mutum daga Allah yake farawa, kuma Allah ne ke kammala shi. Mutum bai fara neman Allah ba sai da Allah ya neme shi. Bangaskiyar da ya yi ma baiwa ce. Masu riƙe da ita suna kafa hujja da babi na 1 na wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Afisawa, inda aka danganta zaɓen masu bi ga nufin Allah tun kafin halittar duniya, da babi na 6 na Bisharar Yahaya, da babi na 9 na Romawa. Wanda ya fara tsara ta da kyau ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430. Ya yi jayayya da Pelagiyus, mai cewa mutum yana da ƙarfin yin biyayya ga Allah da kansa. Bayan shekara dubu da wani abu Yohanna Kalbin ya farfaɗo da ita a Janiba, sannan taron Dort na 1618 zuwa 1619 a ƙasar Holan ya tabbatar da ita don mayar da martani ga almajiran Arminiyus, waɗanda suka ce mutum yana iya ƙin alherin da aka miƙa masa.

Tambayar da ke biyo baya kowa ya san ta: in an riga an zaɓa, wa'azin na mene ne? Tambaya ce ta gaske, kuma ta taɓa gurgunta ikilisiya. A ƙarni na 18 wasu Baptis na Ingila sun kai koyarwar zaɓe matsayin da mai wa'azi ke jin tsoron kiran mai zunubi ya tuba, kada ya shiga hurumin Allah. Wanda ya warware wannan ƙulli daga cikinsu ya fito. A 1785 Andrew Fuller ya wallafa littafi yana nuna cewa wajibi ne a miƙa bishara ga kowa, kuma wajibi ne ga mai ji ya amsa. A 1792 abokinsa William Carey, mai gyaran takalma, ya fitar da nasa ɗan littafin kan hakkin da ke wuyan Kirista na amfani da hanyoyi wajen kai bishara ga al'ummai. A shekarar aka kafa ƙungiyar mishan ta Baptis a garin Kettering, a 1793 kuma Carey ya tafi Indiya. Su biyun ba su bar aƙidar zaɓe ba ko kaɗan. Hujjarsu ita ce Allah da ya ƙaddara ƙarshe shi ya ƙaddara hanyar kaiwa gare shi, kuma hanyar ita ce bakin mutum. Bulus kansa, da ya gama maganar zaɓe a Romawa 9, sai ya shiga babi na 10 yana nuna cewa ba a gaskatawa sai an ji, ba a ji sai an yi wa'azi, ba a wa'azi sai an aiki mutum. Carey ya yi shekara bakwai a Bengal kafin ya yi wa mutum na farko, Krishna Pal, baftisma a 1800.

Bahaushe Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan muhawara. Imani da ƙaddara yana cikin rukunan imani shida, kuma malaman tauhidi sun daɗe suna neman tsaka-tsaki tsakanin Jabariyya, masu ɗauke wa bawa kowane zaɓi, da Ƙadariyya, masu mayar da aikin bawa hannunsa kacokan. Mazhabar Ash'ariyya, wadda malaman ƙasar Hausa suka karanta, ta tsaya a kan cewa Allah ne ke halittar aiki, bawa kuma ya ɗauki alhakinsa. Alƙur'ani a cikin Suratul Ƙasas ya bar shiriya a hannun Allah, ba a hannun mai kira ba. Wannan bai hana Shehu Usmanu ɗan Fodiyo fita daga Dagel yana yawon wa'azi a Gobir da Kabi da Zamfara tun wajajen 1774 ba. Ba na cewa koyarwar biyu ɗaya ce. A wurin Kirista zaɓen yana ɗaure ne da Almasihu da mutuwarsa da tashinsa, abin da Musulmi bai yarda da shi ba, kuma ɓoye wannan bambanci cin amanar ɓangarorin biyu ne. Amma a kan cewa shiriyar zuciya ta Allah ce, kira kuma na bawa ne, maƙwabtan biyu suna iya fahimtar juna. Ai mutanenmu kan ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

Tarihin SIM kansa ya fara ne da abin da ido zai kira faɗuwa. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga yankin da a lokacin ake kira Sudan. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya kuma Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Sai a 1902 aka samu kafa tasha ta farko a Pategi. A Nijar kuwa sun fara da Damagaram a 1924, sannan Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi, daga baya Galmi da asibitin kutare na Danja. Gaskiya ne SIM haɗakar ɗariku ce, kuma da yawa cikin ma'aikatanta ba za su sa hannu a kan dukan abin da taron Dort ya yanke ba. Amma a kan tushen maganar, cewa Ruhu Mai Tsarki ne kaɗai ke juya zuciya, babu saɓani a tsakaninsu. Ba don haka ba, da wuya a samu wanda zai binne abokan tafiyarsa ya kuma dawo.

Inda nake ganin koyarwar ta fi amfani a Adar shi ne wajen tsare mutuncin mara lafiya. A duba harabar irin wannan asibiti da sassafe: dattijo da ya kwana a kan hanya daga wani ƙauyen Buza, ya sayar da akuya don kuɗin mota, katinsa a ƙulle cikin leda a aljihun riga, ƴarsa na kwance a tabarma, majinyaciya tana hura wuta a murhun duwatsu don dama kunu. Mutumin da ke cikin wannan hali zai iya cewa "to" ga duk abin da mai allura ya faɗa masa. Zargin da malamai da yawa suka daɗe suna yi ke nan, cewa maganin mishan ƙugiya ce da aka sa wa nama, kuma bai kamata a yi watsi da zargin ba, domin a wurare da dama na duniya an sayi mabiya da shinkafa da gurbin makaranta. Sai dai a lura da tunanin da ke haifar da wannan ciniki. Wanda ya ɗauka tuban mutum yana hannunsa, kuma masu ba shi kuɗi daga Amurka ko Kanada suna jiran lissafi, shi ne zai matsa wa mai rauni. Wanda ya tabbata cewa ba shi da ikon buɗe zuciyar kowa, ya san "to" da aka karɓa da matsi ba ta ceci kowa ba. Zai faɗi abin da ya gaskata a fili, ya ɗaure raunin, ya sallami mutum da addininsa, kuma in ya dawo baɗi ya karɓe shi kamar jiya. A nan aƙida ce ke hana zalunci.

Manomin albasar Galmi ya san wannan tsari a aikace. Yana yafa iri, ya jira ya yi ƙwari, ya yi dashe a fangali, ya yi ta ban ruwa wata da watanni, ya cire ciyawa, amma bai taɓa sa hannu cikin ƙasa ya kumbura albasa ɗaya ba. Da irin wannan misali Bulus ya kwatanta aikinsa da na Afolos a 1 Korintiyawa 3: ɗaya ya shuka, ɗaya ya yi ban ruwa, girman kuwa daga Allah.

Koyarwar tana da nata haɗarin, kuma tarihi ya nuna shi. Wanda ya ce Allah ya zaɓe shi yana dab da cewa ya fi wasu. A Afirka ta Kudu cocin Dutch Reformed, magajiyar Dort, ta ba mulkin wariyar launin fata goyon baya da ayoyi, har sai da ƙungiyar cocin Reformed ta duniya ta ayyana wannan matsayi a matsayin bidi'a a 1982. A ƙasar Hausa ma ƴan mishan sun zo a inuwar mulkin mallaka, ko da yake Turawan mulki sun sha taƙaita su a masarautun Musulmi, kuma Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristan Maraɗi, ta nuna yadda aka jinkirta bai wa ƴan ƙasa ilimi mai zurfi da ragamar shugabanci. Amma wannan saɓa wa koyarwar ne. In zaɓe alheri ne tsantsa, ba don cancanta ba, to zaɓaɓɓe ba shi da abin taƙama, kuma Baturen mishan bai fi Bagobirin da ya yi wa baftisma kusanci da Allah ba.

Akwai kuma labarin Isawa. A wajajen 1867 aka kashe Malam Ibrahim a kasuwar Kano saboda matsayin da ya ba Annabi Isa bisa abin da ya karanta a Alƙur'ani, mabiyansa suka watse wajen Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Walter Miller a Zariya, aka kafa musu zango a Gimi, wanda ciwon barci ya tarwatsa bayan ƴan shekaru. Masanin tarihi Ian Linden ya yi gargaɗi cewa Isawa ƙungiya ce ta cikin Musulunci, kuma ƴan mishan sun karanta labarinsu da idon da ya dace da burinsu. Na yarda da gargaɗin. Duk da haka Kiristan Wusasa, kusa da Zariya, sun riƙe labarin a matsayin shaida cewa Allah ya riga ɗan mishan isowa. Wannan tunani ne taron mishan na Willingen a Jamus ya ƙarfafa a 1952, cewa aikin aike na Allah ne tun asali, ikilisiya shiga ciki kawai take yi.

In haka ne, ikilisiyar Nijar ba ta da dalilin jiran wani daga waje. EERN, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM a Nijar, ta tsaya da ƙafafunta tun farkon samun ƴancin kai, kuma ƴar'uwarta ECWA a Najeriya tana da ƙungiyar masu bishara ta ƴan ƙasa wadda asalinta ya koma 1948. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932. Matasan Adar, Kirista da Musulmi, suna tafiya cin rani Abijan da Legas da Libiya kowace shekara, suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya, kuma a irin wannan zama ake sanin ko addinin mutum ya hana shi cin amana. Bayan ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, shugabannin Kirista sun yi kira ga yafiya, an kuma samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a gidajensu. Asibitin Galmi bai rufe ƙofa ba, kuma mafi yawan waɗanda ke kwance a gadajensa Musulmi ne.