Kwalejin Barewa da Wasan Fayis

A 1921 Turawan mulkin mallaka suka kafa Kwalejin Katsina don horar da malamai. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, sunan Barewa kuwa sai a 1971 ta samu. Masu ba da tarihinta sun fi son lissafo shugabannin da ta yaye, su Tafawa Ɓalewa da Gowon da Shagari. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne fayis.

Wasa ne na makarantar Eton ta Ingila: ɗaki mai bango uku, ƴan wasa biyu-biyu, ana dukan ƙwallo da tafin hannu. Ahmadu Bello ya ƙware a kansa tun yana ɗalibi a Katsina, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiya. Ɗaliban da suka fita koyarwa suka kai shi garuruwansu, har yau ana gasar Kofin Sardauna.

Mu nan Maraɗi, ga Katsina kusa, amma makarantunmu na Faransa ne, fayis bai ƙetaro iyaka ba. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, sai ga filin wasa ya bi layin da Turawa suka shata.