Lissafin kaso da aljabara: misali daga rabon gado

Aljabara hanya ce ta gano adadin da ba mu sani ba, mu sa harafi a madadinsa. Sunan ya fito ne daga littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda babban ɓangarensa lissafin wasiyya da gado ne.

A ce mamaci ya bar 'ya'ya maza 2, mata 3, da sefa 840,000 bayan biyan bashi da wasiyya. Mu kira rabon mace x, na namiji 2x ke nan. Maza 4x, mata 3x, jimla 7x = 840,000. Kowace mace 120,000, kowane namiji 240,000.

Ɗalibai kan kasa kuɗin gida uku don sun ji "biyu da ɗaya", su manta da ƙirga magada. In akwai matar mamaci kuwa, sai mun cire mata tumuni kafin mu kafa x.